Kwalbar Kawu: Shin Tsufa Na Ƙara Wa Ruwan Inabi Daɗi A Zafin Kaduna?

Duk wanda ya taɓa shiga falon kawuna a Tudun Wada ta Kaduna, a zamanin da muke yara, ya san kabad ɗin nan mai gilashi da ke kusurwa, wanda aka jera wa tangaran da kofunan da ba a taɓa shan komai da su ba. A can samansa, bayan hoton aurensu, akwai wata baƙar kwalba mai dogon wuya da rubutun Faransanci a jikinta. Kawu ya yi aiki ne a kamfanin haɗa motoci na Peugeot da ke Kakuri, wanda duk muke kira Fijo, tun ba a daɗe da fara haɗa motoci a wurin ba a 1975. Wani Bature Bafaranshe da suka yi aiki tare, da zai koma gida, shi ne ya ba shi kwalbar ta ban kwana, ya kuma gaya masa cewa irin wannan jan ruwan inabi ba a gaggawar buɗe shi, domin iyakar daɗewarsa iyakar daɗinsa. Kawu ya karɓi wannan magana hannu bibbiyu. Ya ce ai da tsohuwar zuma ake magani, ba mai taɓa kwalbar nan sai ranar auren autarsa, wadda a lokacin ko yaye ta ba a yi ba.

Kwalba kuwa ta ga abin da ta gani. Ta sha bazara a ƙarƙashin rufin kwano shekara da shekaru, ta sha hunturu, ta sha hasken taga. Lokacin rikicin watan Fabrairu na shekarar 2000, da iyalin suka kwashi abin da hannu zai iya ɗauka suka bar Tudun Wada suka koma Sabon Tasha, Kawu ya naɗe ta cikin zanen Mama ya cusa a jakar bakko tare da takardun makarantar yara. Rediyonsa ma bai ɗauka ba.

Ranar da aka daɗe ana jira ta zo. Bayan an dawo daga coci, an ci an sha, sai Kawu ya kira surukansa da abokansa tsofaffin ma'aikata zuwa falo, ya sauko da kwalbar da kansa. Da aka zo cire matoshin sai ya marmashe kamar busasshen burodi. Abin da ya zubo a kofi ba ja ba ne, ruwan ƙasa ne kamar shayin da ya kwana, warin tsami kuma ya cika ɗakin. Kawu ya kurɓa sau ɗaya, ya yi shiru, ya ajiye kofin. Da dare bayan baƙi sun watse ya kira ni gefe ya ce, "Ɗana, kai da ka yi boko, gaya mini gaskiya. Baturen nan wasa ya yi da hankalina?"

Baturen bai yi ƙarya ba. Rabin magana ya faɗa, ya hau jirgi da sauran rabin.

Na san wani mai karatu zai ce, me ya haɗa kifi da kaska, ina ruwan shafin ikilisiya da kwalbar Faransa? To, 'yan'uwa, ban zo tallar abin sha ba. Gargaɗin Littafi Mai Tsarki a kan buguwa a fili yake, daga Karin Magana har wasiƙar Afisawa, kuma ikilisiyoyinmu kowace da matsayinta: Katolika da Angilikan suna amfani da ainihin ruwan inabi a bagade, ECWA da Baptist da wasu da dama kuwa suna ba da ruwan 'ya'yan itace wanda bai tsima ba. Ba wannan gardama na ɗauko ba. Amma kalmar ruwan inabi muna karanta ta tun daga labarin Nuhu, mu bi ta bikin Kana ta Galili, mu iso ƙarshen sura 5 ta Luka inda ake maganar sababbin salkuna da tsofaffi da kuma fifikon tsohon ruwan inabi a kan sabo, alhali yawancinmu ko kurangar inabi ba mu taɓa gani ba. Bayan haka, a kowace ikilisiya akwai wani bawan Allah, ko katikis ko dikin ko dattijo, wanda aka ɗora wa sayen kwalbar Jibin Ubangiji da ajiye ta. Abin da ya sami kwalbar Kawu yana iya samun tasa.

Inda kwalbar ta fito

Sunan da ke jikin kwalbar Kawu shi ne Bordeaux, ana faɗarsa Bordo. Birni ne mai tashar jiragen ruwa a kudu maso yammacin Faransa, a bakin kogin Garon. Arewa da birnin akwai wani siririn yanki da ake kira Medok, wanda ƙasarsa tsakuwa ce zalla, irin wadda manomin masara na Saminaka ko kyauta aka ba shi ba zai karɓa ba. To amma ita kurangar inabi wahala take so. A ƙasa mai taki da yawa sai ta yi ta ganye ta ba da 'ya'ya masu ruwa-ruwa. A tsakuwa kuwa dole ta kai saiwa can ƙasa neman ruwa, sai ta ba da 'ya'ya ƙanana masu kaurin ɓawo, kuma a ɓawon nan ne sirrin yake. Irin da aka fi shukawa a wannan tsakuwa sunansa Cabernet Sauvignon, akan gauraya shi da wani mai taushi da ake kira Merlot.

A 1855 Sarki Napoleon na 3 ya shirya babban baje koli a Faris, aka nemi dillalan Bordo su jera gonakin yankin bisa daraja. Su kuma suka bi farashin da kowace gona ta saba sayarwa, suka kasa su aji 5. Huɗu ne suka hau ajin farko, wato Lafite da Latour da Margaux da Haut-Brion. Tun daga lokacin babban canji ɗaya aka yi wa jerin, a 1973, sa'ad da aka ɗaga Mouton Rothschild daga aji na 2 zuwa na 1 bayan mai gonar ya shafe shekaru yana kai ƙorafi. A gabashin ƙasar kuma akwai Burgundi, inda 'yan zuhudu na ɗarikar da aka kafa a Cîteaux a 1098 suka yi ɗaruruwan shekaru suna noman inabi domin hidimar bagade da karɓar baƙi. Su ne suka lura cewa gona biyu da ke maƙwabtaka, hanya ce kawai ta raba su, suna iya ba da ɗanɗano dabam, har suka kewaye wasu da katanga. Sai bayan juyin juya halin 1789 aka ƙwace gonakin daga hannunsu aka sayar.

Bagaruwa da goro

Idan ka matse jan inabi, ruwan da zai fito kusan fari ne. Jan launin daga ɓawo yake. Saboda haka masu yin jan ruwan inabi sukan zuba 'ya'yan da aka murƙushe cikin manyan tankuna, ruwa da ɓawo da ƙwaya gaba ɗaya, su bar su mako 2 zuwa 4. A nan yisti ke cinye zaƙin ya mai da shi barasa, yana kuma fitar da iska mai yawa har abin ya riƙa ɓararraka kamar yana kan wuta. Wannan iska ita ce ke fasa tsohuwar salka a misalin nan na Luka. Sabuwar fata tana miƙewa ta ba iskar wuri, wadda ta bushe kuwa ba ta da sauran miƙewa.

Ban da launi, ɓawo da ƙwaya suna sakin wani sinadari da masana ke kira tanin. Kada sunan ya ba mu tsoro, mun san shi tun kaka da kakanni. Shi ne baurin da kake ji in ka tauna goro, ko ka ciji ɗanyar ayaba, ko ka bar ganyen shayi ya daɗe a buta, sai ka ji bakinka ya bushe harshe ya yi kaushi. Shi ne kuma abin da majeman Kano da Sakkwato ke samu daga bagaruwa. Fatar akuya da aka feɗe yau, in aka bar ta haka nan, jibi ta fara wari. Amma in ta kwana cikin ruwan bagaruwa, sai ta zama jemammiyar fatar da za a yi jaka ko takalmi ko bangon littafi da ita, jika ma ya gāda. Aikin da bagaruwa ke yi wa fata, kusan shi tanin ke yi wa ruwan inabi: yana tare iskar da za ta lalata shi, ya sha dukan a madadinsa.

Abu na biyu shi ne tsami, ba tsamin lalacewa ba, tsami mai daɗi irin na tsamiya ko lemo wanda ke cikin 'ya'yan tun daga gona. Shi ke hana ƙwayoyin cuta sakewa, shi ke kuma sa ruwan ya ci gaba da wartsakar da baki ko bayan shekara 20. Na uku shi ne ƙarfin ɗanɗanon 'ya'yan kansu, domin in babu nama a tukunya, daɗewa a wuta ba za ta kawo shi ba. Ruwan inabin da ya haɗa ukun nan daidai wa daida shi kaɗai ne tsufa ke yi wa rana.

A nan ne ma za mu gane abin da ya sa ba ko'ina ake samun irinsa ba. Inabi yana yi a ƙasarmu, manoman ƙaramar hukumar Kudan kusa da Zariya shaida ne, ga shi nan ana kawowa kasuwa da rani. Sai dai nasu na ci ne, mai zaƙi da siririn ɓawo. Bordo tana can wajen digiri 45 arewa da tsakiyar duniya, Kaduna kuwa tana wajen digiri 10 da rabi. Can kurangar takan yi barci da sanyin hunturu, 'ya'yan kuma su nuna sannu a hankali har watan Satumba ko Oktoba cikin dare mai sanyi, wanda ke riƙe musu tsaminsu. A zafi irin namu zaƙi kan hau da sauri, tsamin ya zube.

Bayan tanki sai ganga. A Bordo gangar katakon oak ce mai cin lita 225, wato kwalba 300, kuma manyan gonaki sukan bar ruwan a ciki kamar shekara ɗaya da rabi, wani lokaci har kusan 2. Katakon yana numfashi kaɗan-kaɗan, yana kuma ba ruwan ƙamshi mai kama da kanumfari da gasasshen burodi, saboda ana babbaka cikin gangar da wuta lokacin ƙera ta. Wasu har yanzu suna bin tsohuwar dabara ta kaɗa farin ƙwai su zuba a ganga domin ya janye gurɓatar ya kwanta da ita ƙasa. Daga nan sai kwalba, a toshe da matoshin da ake yi da ɓawon wani itace wanda Fotugal ta fi kowa nomansa, ana saɓule ɓawon sau ɗaya a shekara 9.

Abin da shekaru ke yi

Masu sana'ar ɗanɗanawa suna kwatanta jan Bordo mai daraja kamar rayuwar mutum. Yana yaro, wato shekara 2 ko 3 daga girbi, launinsa ja ne mai duhu har yana ɗaukar shuɗi-shuɗi, kamar zoɓon da aka dafa da kauri ba a sirka ba. Ƙamshinsa na ɗanyun 'ya'yan itace ne, musamman baƙaƙen 'ya'yan nan da ake yin Ribena da su. Amma a baki yana da faɗa, bauri ya yi masa yawa, wanda bai sani ba sai ya ce kuɗinsa sun tafi a banza. Wasu ma sukan shiga wani lokaci na ɗaure fuska na 'yan shekaru, ƙamshin yarinta ya tafi na girma bai iso ba, kamar saurayin da murya ke fashe masa.

A cikin duhun kwalba kuwa aiki na tafiya. Ƙwayoyin tanin suna haɗuwa da na launi, suna ƙulluwa suna yin nauyi, har wasu su kwanta a gindin kwalba kamar yadda ƙullun kamu ke kwanciya a ƙasan roba. Wannan laka ba alamar lalacewa ba ce, shi ya sa ake tsiyaye tsohon ruwan inabi a hankali cikin wani mazubi kafin a kai shi tebur. Yayin da wannan ke faruwa baurin yana laushi, launin yana sauka daga na zoɓo zuwa na jan bulo, musamman a gefen kofi. Ƙamshin ɗanyun 'ya'ya yana ja da baya, wasu su fito waɗanda da ba su nan: na busasshen dabino, na jar fata sabuwa daga hannun baduku, na ganyen taba, na fensirin da aka fiƙe yanzu, na itacen al'ul wanda muke karantawa an gina Haikali da shi, da kuma wanda duk ɗan Arewa ya sani, ƙamshin ƙasa ranar ruwan farko. Na manyan gonaki a shekara mai kyau yakan kai wannan matsayi tsakanin shekara 15 da 30, wasu su zarce 50. Daga nan kuma sai gangara. Ƙamshin ya dushe, jikin ya rame, tsami kaɗai ya rage. Zuma tana iya zama a tulu ba ta canza ba, amma ruwan inabi yana da ranar tsufa yana da ranar mutuwa, ko da a gidan sarki aka ajiye shi.

Lambar shekarar da ke jikin kwalba, wadda wasu ke ɗauka ranar lalacewa ce ko ranar ɗurawa, shekarar girbin inabin ce. Tana da muhimmanci domin damina ba ta zama ɗaya, can ma kamar nan. Ana yabon 1945 da 1961 da 1982 da 2005 da 2010 a Bordo. A watan Fabrairu na 1956 kuwa sanyi ya kashe kurangu masu ɗimbin yawa, a watan Afrilu na 1991 kuma jaura ta ƙone sabon toho. Gona ɗaya, manomi ɗaya, amma kwalbar bana ta yi shekara 40, ta baɗi ko 10 ba za ta kai ba.

Abin da ba a cika gaya wa mai saye ba shi ne, mafi yawan ruwan inabin duniya, har da na Faransa, ba don ajiya aka yi shi ba. An yi shi ne a sha cikin shekara 1 zuwa 3. Akwai ma wanda ake kira Beaujolais Nouveau, wanda ake fitarwa kasuwa ranar Alhamis ta 3 a cikin watan Nuwamba, 'yan makonni bayan girbi, kuma kafin Ista ya fara gajiya. Irin na ajiya kaɗan ne, tsadarsa kuma ta wuce hankali. A watan Oktoba na 2018 an yi gwanjon kwalba ɗaya ta Romanée-Conti ta Burgundi, girbin 1945 wanda kwalba 600 kacal aka samu, a birnin New York a kan dala 558,000. A ganina wanda ya biya wannan kuɗi ba ɗanɗano ya saya ba, suna ya saya. Kuɗin da zai gina majami'a ya rufe ta ya zuba benci, har a yi wa fasto gida, a kan abin da bai kai lita ɗaya ba!

Wanda ya kashe kwalbar Kawu

Ga sauran rabin maganar da Bature ya tafi da shi. A ƙasarsu ana ajiye irin wannan kwalba ne a ɗakin ƙarƙashin ƙasa, inda sanyi ke tsayawa wajen digiri 12 zuwa 14 rani da damina, ga duhu, ga laima, kwalabe kuma a kwance domin ruwan ya riƙa jiƙa matoshi. Shi a wurinsa wannan ba abin faɗa ba ne, kamar yadda ba za ka gaya wa Bahaushe ya rufe rumbu ba.

A Kaduna fa? A watan Maris da Afrilu zafi kan wuce digiri 35 a inuwa, balle a saman kabad, dab da silin, ƙarƙashin kwano. Masana haɗa sinadarai suna da wani ƙiyasi cewa duk ƙarin digiri 10 na zafi yakan kusan ninka saurin irin waɗannan canje-canje. To kada wani ya ce ashe gaba ta kai mu, abin da ke ɗaukar shekara 20 a Faransa mu sai mu same shi a 5. Ba haka abin yake ba. Tuwon da aka hura wa wuta fiye da kima ba saurin nuna yake yi ba, ƙonewa yake yi. Zafi yana kashe ƙamshin tun kafin bauri ya yi laushi, ya bar ɗanɗano kamar na 'ya'yan itacen da aka dafa suka kwana.

Sannan ga hawa da saukar zafi. Da rana ruwan ya kumbura ya tura matoshi, da dare ya koma ya zuƙo iska daga waje, kullum haka kamar huhu. Da hunturu kuma iskar da ke sa mana faso a diddige ita ce ke busar da matoshin kwalbar da ke tsaye, ya tsuke ya buɗe hanya. Iska in ta sami shiga sai launi ya koma ruwan ƙasa, wasu ƙwayoyin halitta kuma su juya barasar ta zama ruwan tsami. Louis Pasteur ne ya bayyana wannan. A 1863 Napoleon na 3 ya sa shi binciken abin da ke lalata ruwan inabin Faransa a hanyar kai shi ƙasashen waje, ya fitar da sakamakonsa a 1866, ya kuma nuna cewa ɗumama ruwan zuwa wajen digiri 55 na ɗan lokaci yana kashe ƙwayoyin. Dabarar da ake yi wa madarar kanti ke nan har yau.

Kwalbar Kawu a tsaye take, a wuri mafi zafi a ɗakin, tana kallon taga. A lissafina ta riga ta mutu tun auta ba ta shiga aji ɗaya ba. Gawa ya yi ta gadi fiye da shekara 20, gawa ya naɗe a zane ya gudu da ita.

Tasa ma a hannu aka kawo ta cikin jirgin sama. Waɗanda ke kantunanmu sun biyo teku ne cikin kwantena ta ƙarfe, sun yi zaman jira a tashar Apapa a rana, sun hau tirela zuwa Arewa, sannan suka zauna a kanta wata da watanni. Da yawa sun dahu kafin su iso. Alamun ba su da wuyar gani: matoshi ya ɗago ya tura hular bakin kwalba, ko ka ji danƙo a wuyanta, ko takardar ta yi tabon ja, ko ruwan ya sauka ƙasa da wuya. Ga kuma 'yan jabu. A watan Disamba na 2023 hukumar NAFDAC ta kai samame kasuwar Eziukwu da ke Aba, ta tarar da shaguna masu yawa inda ake ɗura haɗe-haɗe cikin tsofaffin kwalabe ana manna musu takardun kamfanonin waje. Ba mu kaɗai abin ya dama ba, a Amurka ma an ɗaure wani Rudy Kurniawan shekara 10 a 2014 saboda sayar wa attajirai jabun manyan kwalaben Faransa da yake haɗawa a gidansa. In har attajiran da ke da masu ɗanɗana musu sun faɗa, ina ga katikis da aka aika kasuwa da kuɗin baiko?

Kwalbar bayan bagade

Dokar Ikilisiyar Katolika ta 1983, a sashe na 924, ta shardanta cewa ruwan inabin hadaya ya zama na 'ya'yan inabi tsantsa, wanda kuma bai lalace ba. Wata takardar umarni da ta fito daga Roma a 2004 ta sake jan kunne a kan a kula da ajiyarsa kada ya yi tsami. Matsalar zafi kuwa an daɗe da saninta. Tun a 1896 Roma ta yarda a ƙarfafa ruwan inabi mai rauni da barasar da aka tace daga inabi, muddin jimlar ba ta wuce kashi 18 cikin 100 ba, domin ya jure ajiya da tafiya. Shi ya sa za ka ji na bagade yawanci yana da zaƙi da ƙarfi fiye da na tebur, wanda nasa ke tsayawa wajen kashi 12 zuwa 14. Zaƙi da ƙarfin su ne garkuwarsa. Akwai ma wani na tsibirin Madera wanda da gangan ake gasa shi da zafi kafin a ɗura, bayan an lura cewa gangunan da suka ratsa ƙasashe masu zafi a jirgin ruwa sun dawo da daɗin da ba su tafi da shi ba. Wannan kam zafin Kaduna ba ya ba shi tsoro. Amma shi dabam ne, jan Bordo ba ya cikin wannan sahu.

Duk da garkuwar, na bagade ma ba ya son saman kabad. Wanda aka ba wannan amana ya sayi kaɗan-kaɗan, gwargwadon abin da za a yi amfani da shi cikin 'yan watanni, daga hannun da aka sani, ko da sarin katan goma ya fi araha. Ya ajiye a ƙasa, a ɗaki na ciki, nesa da bangon da ranar yamma ke duka. Mai matoshin ɓawo a kwantar da shi, mai murfin murɗawa kuwa ko a tsaye ba laifi. In an buɗe, mai zaƙi da ƙarfi zai kai 'yan makonni in an rufe shi da kyau, amma jan tebur na yau da kullum kwana 3 zuwa 5 ne. A shinshina ranar Asabar, kada a bari sai an tsaya gaban jama'a ranar Lahadi. Inda babu firiji, ko akwai amma wutar da har yau bakinmu bai daina ce wa NEPA ba ta ƙi zama, tukunya cikin tukunya tana taimako: ƙaramar tukunyar ƙasa cikin babba, jiƙaƙƙen yashi a tsakani, jiƙaƙƙen tsumma a sama. Malam Mohammed Bah Abba na Jigawa ya sami lambar yabo ta Rolex a shekarar 2000 saboda yaɗa wannan dabara ga manoman kayan gwari. Da rani ta fi aiki, lokacin da iska ke bushe, wato daidai lokacin da aka fi bukatarta.

'Yan'uwa masu amfani da ruwan da bai tsima ba, kada ku ce wannan ba taku ba ce, taku ma ta fi gaggawa. Ruwan inabi marar barasa da ke iya zama a kwalba ya samo asali ne daga wani likitan haƙori ɗan Methodist a Amurka, Thomas Welch, wanda a 1869 ya bi dabarar Pasteur ya ɗumama ruwan inabi domin kada ya tsima, saboda teburin Ubangiji a cocinsu. Amma kariyar tana ƙarewa ne ranar da aka buɗe murfi. Ruwan cike yake da zaƙi, yisti kuwa yana yawo a iska, a zafinmu kwana 2 ko 3 sun isa ya fara aiki. In ka buɗe ragowar watan jiya ka ji ta yi tsaki, ko ka ga robar ta kumbura, ko kumfa na tasowa, to ta tsima. Dikin mai tattali da ya ɓoye rabin kwalba daga jibin wannan wata zuwa na gaba yana iya raba wa jama'a ainihin abin da ikilisiyarsa ta hana, da hannunsa, bai sani ba. Zoɓo da sauran ruwan zaƙi da ake haɗawa a gida duk hukuncinsu ɗaya. A haɗa na ranar, abin da ya ragu kada ya ga wata Lahadi.

Da na gama yi wa Kawu wannan bayani, a taƙaice ba kamar yadda na shimfiɗa shi a nan ba, ya daɗe yana kallon silin. Can ya ce, "Wato da na tona rami a tsakar gida na binne ta, da ta fi?" Na ce da ta ɗan ƙara kwana, Kawu, amma ba za ta kai bikin auta ba. Ya ce to ai shi ke nan, Baturen ya fita, laifin kwano ne.

Baƙin ranar dai da zoɓo da kunun aya aka sallame su, ba wanda ya yi ƙorafi. Kwalbar tana nan a Sabon Tasha, a saman wani sabon kabad. Mama ta wanke ta da toka da ruwan zafi, ta zuba zuma a ciki, ta toshe bakin da totuwar masara.